'Yar Aikin da Birnin Lima Ya Fito Bikinta

Wata rana a shekarar 1970, titunan da ke kewaye da cocin Santa Teresita del Niño Jesús a Lima, babban birnin ƙasar Peru, suka cika maƙil, ba masaka tsinke. Mata sun ci ado, maza sun fito da kwat ɗin da ake ajiyewa don ranar biki, wasu riƙe da furanni, wasu rungume da kyautar amarya a naɗe cikin takarda. An ƙiyasta taron da mutum 10,000. Duk sun zo ne don su shaida auren María da malam Esteban.

María da Esteban kuwa sunaye ne a cikin wasan kwaikwayo. Amaryar 'yar wasa ce mai suna Saby Kamalich, angon kuma Braulio Castillo, ɗan wasa daga tsibirin Puerto Rico. Gidan talabijin na Panamericana ne ya nemi aron cocin don ɗaukar fitowa ɗaya ta shirinsa mai dogon zango, Simplemente María, wato "María Kawai". Da labarin wurin da ranar ya fita, sai gari ya tashi. Cunkoso ya kai ga amarya da ango da masu ɗaukar hoto sun rasa ta inda za su shiga cocin. Aiki ya tsaya, aka yi ta lallashin jama'a, wasu har suma suka yi saboda matsi da zumuɗi. Da ƙyar aka samu aka ɗauki abin da aka zo ɗauka, sannan aka ba mutane dama su gaisa da amarya da ango, su yi musu fatan zaman lafiya. Jaridar El Comercio, ɗaya daga cikin waɗanda suka fi daɗewa da ƙima a ƙasar, ta ba da labarin taron kamar yadda take ba da labarin manyan al'amura.

Mai sauraro daga nesa zai iya cewa mutanen nan sun ruɗe ne, sun kasa raba wasa da gaskiya. Ni ban yarda ba. Sun san sarai Saby Kamalich ce a cikin farar rigar. Abin da ya fito da su shi ne, kusan wata goma sha ɗaya suna zaune da María kowane dare daga Litinin zuwa Juma'a, sun ga kukanta, sun ga inda aka wulaƙanta ta, sun ga inda ta tashi. Wanda ka yi wannan doguwar tafiya da shi, ranar farin cikinsa ba ka zama a gida.

Sai an san Lima ta wancan lokaci za a gane me ya sa labarin ya kama mutane haka. A ƙidayar 1940, mazauna birnin ba su kai 700,000 ba. Zuwa 1972 sun haura miliyan 3. Babban kaso na ƙarin daga tsaunukan Andes ya gangaro, talakawan ƙauye masu magana da harshen Quechua, waɗanda suka gudo daga gonakin manyan masu ƙasa, suka kafa bukkokin tabarma a kan rairayin bayan gari. Maza su shiga leburanci da talla, 'yan mata su shiga aikatau a gidajen masu hali. Yarinya za ta kwana a ɗan ƙaramin ɗaki a bayan kicin ko a saman soro, ta riga kowa tashi, ta kwanta bayan kowa, ta ci abinci ita kaɗai bayan 'yan gida sun gama. Da yawa ba su iya karatu da rubutu ba, kuma a dokar Peru ta lokacin wanda bai iya karatu ba ba shi da ƙuri'a. Sai kundin tsarin mulki na 1979 ya kawar da wannan sharaɗi. Duk wanda ya san yadda ake ɗauko yara mata daga ƙauye zuwa aikatau a Kano ko Kaduna ko Yamai, ba ya bukatar dogon bayani a kan wannan rayuwa.

Daga cikin irin waɗannan 'yan mata aka ɗauko María Ramos. Ta baro ƙauyensu na kan tsauni ta zo Lima neman abin da za ta riƙa aika wa gida. Ta samu aiki a gidan masu kuɗi, ta yi ƙawa da wata 'yar aiki mai suna Teresa wadda ta riga ta wayewa da birni. A wata fitar hutun Lahadi ta haɗu da Roberto, ɗalibin likitanci ɗan babban gida. Ya yi mata daɗin baki, ya yi alkawarin aure, ya yi mata ciki, ya zame. Aka sallame ta daga aiki. Da jariri a hannu ta samu mafaka a gidan hayar wata dattijuwa, Doña Pierina, wadda ɗanta Esteban malamin makaranta ne.

Zuwa nan babu sabon abu. Labarin yarinyar da ɗan masu kuɗi ya yaudara ya cika wasannin rediyo da talabijin na Latin Amurka tun kafin wannan. Yadda aka saba warware shi kuwa sananne ne: ko dai a gano cewa yarinyar asalinta 'yar wani attajiri ce da aka musanya tana jaririya, ko kuma saurayin ya yi nadama ya dawo ya ɗauke ta daga talauci. María ba ta samu ko ɗaya ba. Esteban ya zaunar da ita da dare yana koya mata baƙaƙe, Doña Pierina ta ɗora ta a kan keken ɗinki. Masu kallo suka riƙa ganin ta da rana tana aiki, da dare tana karatu, bayan karatu tana taka keke har jikinta ya gaji, yaron yana barci a gefe. Ta fara da ɗinki a shagon wasu, ta koma karɓar nata, ta buɗe shago, sunanta ya fita, har ta zama mai tsara tufafin da ake ji da ita a Faris. Duk wannan an shimfiɗa shi ne a hankali, mako bayan mako, yadda mai kallo zai iya lissafa matakan da hannunsa.

Esteban kuwa yana son ta tun ranar farko, amma ya haɗiye maganarsa. A cikin labarin kusan shekara 20 ya yi yana jira. Masu kallo suka ƙosa, maganar yaushe malam zai buɗe baki ta zama abin hira a kasuwa da cikin bas. Wannan jiran ne ya tara mutanen da suka toshe ƙofar coci.

Asalin labarin ba na Peru ba ne. Wata marubuciya 'yar Ajantina, Celia Alcántara, ita ta rubuta shi, aka fara nuna shi a Buenos Aires a 1967 da Irma Roy a matsayin María. Panamericana, gidan da iyalin Delgado Parker suka kafa a 1959, ya sayi labarin ya mayar da shi Lima da tsaunukan Andes. Vlado Radovich ne furodusa, Carlos Barrios Porras ya ba da umarni. An fara haskawa a watan Afrilun 1969, cikin baƙi da fari, awa ɗaya kowace rana. Awa ɗaya kullum, kwana biyar a mako, na nufin kusan kowace ranar aiki sai an kammala fitowa guda a situdiyon gidan da ke kan titin Arequipa, 'yan wasa suna haddace na gobe tun ba su huce daga na yau ba. Ba a yi niyyar ya yi tsawo haka ba, amma da aka ga kasuwa ta buɗe sai aka yi ta ƙara masa rassa: ɗan María, Antonio, ya girma ya shiga nasa rikicin soyayya da dangin ubansa, kuma Ricardo Blume, wanda ya fito a matsayin Roberto mayaudari, shi ne ya sake fitowa a matsayin ɗan. Kafin a rufe a farkon 1971 an yi fitowa 448 cikin wata 21. Masu auna yawan masu kallo sun ba shi matsakaicin kashi 85 cikin 100, wasu ranakun ma ya kusa cinyewa duka.

A nan ne abin ya fita daga akwatin talabijin ya shiga gari. Keken da María ke takawa samfurin Singer ne, kuma sunan yana bayyana a fili. Sai ga 'yan aiki suna tara ɗan abin da ake biyan su suna zuwa shagunan Singer, suna yin rajista a azuzuwan koyon ɗinki. Cinikin kamfanin ya tashi a Peru, haka kuma a sauran ƙasashen da aka nuna shirin, har kamfanin ya ba Saby Kamalich kyautar ɗan ƙaramin keken ɗinki na zinariya don godiya. Azuzuwan yaƙi da jahilci su ma suka ga sababbin fuskoki. 'Yan mata suka fara neman iyayen ɗakinsu su ba su 'yan awowi da yamma don zuwa ajin dare, abin da a da ko tunanin furta shi ba sa yi. Gwamnatin soja ta Janar Juan Velasco Alvarado, wadda ta karɓi mulki a watan Oktoban 1968 da alkawarin ɗaga talakan ƙauye, ta buɗe azuzuwan karatu don masu aikin gida.

Akwai wani abu da ya fi keken da ajin taɓa ni. A gidaje da yawa talabijin ɗaya ce, tana falo. Idan lokacin shirin ya yi, uwar ɗaki tana kan kujera, 'yar aikinta tana tsaye a bakin ƙofar kicin ko tana zaune a gefe, su biyun suna kallon yadda wata uwar ɗaki ke cin zarafin wata 'yar aiki, kuma su biyun suna goyon bayan 'yar aikin. Matar da ta yi shekaru ba ta taɓa tambayar yarinyar gidanta sunan ƙauyensu ba, ga ta tana share hawaye saboda María. Ba na cewa kowace ta canja hali. Amma wata 21 ana shigo mata da wannan tambaya har cikin falonta, kuma masu binciken da suka zanta da masu kallon daga baya sun ji daga bakinsu cewa kallon da ake yi wa masu aikin gida ya sauya a gidaje da dama.

Dole a faɗi inda labarin ya gaza. Saby Kamalich, wadda aka haifa a Lima a 1939, farar fata ce mai jinin Kroshiya da Italiya. An yi mata kitso biyu an sa mata tufafin ƙauye, amma duk ɗan Peru ya san ba haka 'yan matan Andes suke ba. Gidan talabijin na wancan zamani bai shirya ɗora ainihin 'yar Quechua a matsayin tauraruwa ba, kuma wannan kansa wani ɓangare ne na wariyar da shirin ke nunawa. Sannan cikin dubban da suka sayi keke, nawa ne suka isa Faris? Masu suka sun ce shirin ya sayar wa talakawa mafarki, ya nuna kamar ƙoƙarin mutum ɗaya ya isa ya rushe katangar da aka yi ƙarnoni ana ginawa, har ma ya ƙara kwaɗaita wa 'yan matan ƙauye gangarowa birni. Akwai gaskiya a maganarsu. Sai dai ni ina auna abin da wani ma'auni: yarinyar da ta koyi karanta wasiƙar gida da kanta, ta iya ɗinka rigar makarantar yaran unguwa ta karɓi kuɗinta a hannu, ta samu abin da babu uwar ɗakin da za ta ƙwace mata, ko da ba ta taɓa taka filin jirgi ba.

Shirin ya zaga kusan duk ƙasashen Latin Amurka masu magana da Sifaniyanci, kuma aka yi ta sake shi. Brazil ta yi nata a 1970, Venezuela a 1972, a shekarar kuma aka fitar da fim da Saby Kamalich da Braulio Castillo. A Sifaniya an mayar da shi wasan rediyo da ya shekara uku ana yi, daga 1971 zuwa 1974. Kamfanin Televisa na Meksiko ya sake shi a 1989 da Victoria Ruffo, wannan kuma shi ne ya isa Rasha bayan rushewar Tarayyar Sobiyet ya samu miliyoyin masu kallo. A Peru kanta kuwa zamanin bai daɗe ba. A ƙarshen 1971 gwamnatin soja ta karɓe kashi 51 cikin 100 na hannun jarin gidajen talabijin, harkar shirya irin waɗannan wasanni ta yi sanyi, manyan 'yan wasa suka watse. Saby Kamalich da Ricardo Blume duk Meksiko suka koma, can suka ƙarasa aikinsu.

A Meksikon akwai wani mutum da ya zuba wa abin ido tun ana nuna shirin Peru a ƙasarsu. Sunansa Miguel Sabido, marubucin wasan kwaikwayo kuma darakta, wanda daga baya ya riƙe sashen bincike na Televisa. Ya ga matan Meksiko su ma suna neman keken ɗinki da ajin karatu, alhali babu wanda ya shirya wasan don ya koyar da kowa komai. Don talla da riba aka yi shi. Sai ya tambayi kansa: idan haka ta faru ba da niyya ba, me zai faru in an yi da niyya? Ya zauna ya warware shirin filla-filla, ya haɗa abin da ya gano da nazarin Albert Bandura na Jami'ar Stanford a kan yadda ɗan Adam ke koyon hali ta hanyar kallon wani. Ya fito da tsari mai rukunin mutane uku a cikin labari: masu halin kirki, masu mugun hali, da na tsakiya masu kai-kawo, waɗanda su ne suka fi kama da mai kallo, kuma a gaban idonsa suke sauyawa a hankali. A ƙarshen kowace fitowa wani sanannen mutum ya yi 'yar gajeriyar magana, ya faɗi inda za a je a samu taimako.

Gwajinsa na farko shi ne Ven Conmigo, wanda aka nuna daga 1975 zuwa 1976, labarin wasu manya da suka shiga ajin yaƙi da jahilci. Gwamnatin Meksiko tana da shirin karatun manya da littattafan kyauta jibge a ma'ajiya, amma mutane ba sa zuwa. Ranar da aka faɗi adireshin wurin rabon littattafan a ƙarshen wata fitowa, jama'ar da suka yi dafifi sun tsayar da zirga-zirgar motoci a wannan yanki na birnin Meksiko. A tsawon lokacin da shirin ke tafiya, kimanin mutum 840,000 suka yi rajistar karatu, ninki tara na shekarar da ta gabata. A 1977 ya biyo da Acompáñame a kan tsarin iyali.

Daga nan dabarar ta ƙetare teku. Indiya ta yi Hum Log a 1984, kuma wanda ke fitowa a ƙarshen kowace fitowa ya yi wa masu kallo magana shi ne Ashok Kumar, dattijon da tsofaffin masu kallon finafinan Indiya a ƙasar Hausa suka sani. Tanzaniya ta fara Twende na Wakati a rediyo a 1993, a kan cutar ƙanjamau da tsarin iyali. A 1998 aka kafa ƙungiyar Population Media Center a Amurka don yaɗa tsarin Sabido, kuma ita ce ta kawo shi ƙasar Hausa. A 2006 aka watsa Gugar Goge a gidajen rediyon Kano da Kaduna, labarin Kande, yarinya 'yar shekara 12 da aka aurar, doguwar naƙuda ta bar ta da yoyon fitsari, har ta samu magani. Daga 2007 zuwa 2009 sai Ruwan Dare ya biyo baya da fitowa 208 a Kano da Kaduna da Katsina da Sakkwato, a kan lafiyar uwa da tazarar haihuwa. Matar da ta kasa kunne ga rediyonta a Bichi ko Funtuwa tana jiran jin yadda za ta kaya da Kande, zaren abin da take saurare yana komawa har ɗakin hayar Doña Pierina.

A ganina akwai abin da magadan Sabido ke yawan mantawa. Mutanen Lima ba su bi María don an ce musu karatu na da amfani ba. Wannan kowa ya sani tun da. Sun bi ta don sun so ta, sun damu da wanda za ta aura, sun tsani Roberto, sun ji haushin shirun Esteban. Karatun da ɗinkin sun shiga zukata ne a bayan wannan ƙauna. Shirin da aka fara rubuta saƙonsa kafin a san mutanen cikinsa, wanda kowane ɗan wasa ke magana kamar jami'in wayar da kai, mai sauraro yana gane shi tun a fitowa ta biyu, ya murɗa tasha.

Taurarin uku duk sun riga mu gidan gaskiya: Braulio Castillo a 2015, Saby Kamalich a birnin Meksiko a watan Satumban 2017 tana da shekara 78, Ricardo Blume a 2020. Shirin kansa ma kaɗan ne ya rage daga cikinsa. A wancan zamani faifan bidiyo yana da tsada, gidajen talabijin kan goge tsohon shiri su ɗora sabo a kai, kuma mafi yawan fitowa 448 ɗin nan haka suka salwanta. Masanan da suka zo rubuta tarihinsa a farkon shekarun 1990, Arvind Singhal da Rafael Obregón da Everett Rogers, sai da suka bi tsofaffin jaridu da bakin waɗanda suka yi aikin da waɗanda suka kalla, sannan suka iya harhaɗa labarin.

Don haka ina kira ga gidajen rediyo da talabijin na Kano da Kaduna da Katsina da Sakkwato, da na Damagaram da Maraɗi, su buɗe ma'ajiyarsu su duba tsofaffin faya-fayan wasannin kwaikwayon da ke jibge a ciki. A kwafe su a kwamfuta, a ajiye kwafi a jami'o'inmu, tun waɗanda suka rubuta su da waɗanda suka fito a cikinsu suna raye ana iya tambayar su.